Zaren Silikin Sari: Kaɗin Hannu, Ƙyalle ko Kaɗin Inji, Wanne Ya Dace da Saƙarki?

Duk mai saƙar da ta taɓa cin karo da hoton zaren silikin sari a intanet ta san yadda yake ɗaukar ido: ja da shuɗi da ruwan goro da kore duk a cakuɗe cikin sili ɗaya, ga sheƙi. Sai dai abin da ake sayarwa da wannan suna ba iri ɗaya ba ne. Aƙalla kashi huɗu ne: kaɗin hannu, na ƙyalle da ake yagowa daga yadi, kaɗin inji, da na biskos wanda ba siliki ba ne, kowanne da halinsa a hannu, kuma wanda ya yi kyau a jaka zai iya lalata miki rigar da kika kwashe makonni kina saƙawa. Tunda kaya ne da ake biya da dala, ga kuɗin jigila daga Indiya ko Nepal a kai, gara ki san abin da kike nema kafin ki tura kuɗinki.

Sari shi ne dogon zanen da matan Indiya da Nepal da Bangaladash da Siri Lanka ke naɗawa. Tsawonsa yawanci mita 5 zuwa 6 ne, wasu har su kai mita 8. Indiya ce ta biyu a duniya wajen samar da siliki, bayan ƙasar Sin, kuma garuruwa irin su Baranasi da Kanchipuram sun yi suna a saƙar sari na siliki. Idan masaƙi ya gama ya yanke zane daga jikin masaƙa, akwai guntayen zaren da ke saura, akwai kuma na gefe da ake datsewa. Wannan ragowar ce ake tarawa a buhuna a kai wa mata a ƙauyukan Nepal da yankin Bhagalpur na jihar Bihar, su tsefe ta da hannu, su kaɗa da mazari ko da ɗan keken kaɗinsu. Ashe ke nan ba kowane zaren sari ba ne ya fito daga zanen da wata ta taɓa ɗaurawa. Na ƙyalle ne kaɗai ake yawan yagowa daga tsofaffin zannuwa da rarar ɗinki.

Mu ma wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A ƙarni na 19 fatake suna ƙetaro Sahara daga Tarabulus zuwa Kano da ragowar silikin masaƙun Turai, rinanne ja jawur, wato alharini. Mata su sake kaɗa shi, masaƙa su karɓa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suka bi da shi: sau da yawa haɗa shi suke yi da auduga, a yi ratsi a zane, ko shafin bakin riga, ko aikin allura. Auduga ta ɗauki wahalar, alharini ya ba da kyan. Wannan dabara tasu tana nan daram ga mai zaren sari a yau.

Abubuwan da za ki auna

Na farko, yadda yake a jiki: laushi ne ko kaushi, zai zauna a wuya ba ƙaiƙayi ko kuwa sai a jikin bango. Na biyu juriya, kuma a nan ki tambayi kanki wahalar da abin da za ki saƙa zai sha. Za a riƙa wanke shi? Zai riƙa gogar jiki ko ƙasa? Rana za ta riƙa dukansa? Na uku sauƙin aiki, musamman ko zai yarda a warware idan an yi kuskure. Na huɗu kuɗi, wanda ya kamata ki lissafa da mita, kada ki tsaya ga giram. Na biyar kasada: zubar rini, jabu, da rashin samun launin da kika gani a hoto.

Batun mita ɗin nan shi ne inda aka fi shan mamaki. Kusan duka a ƙunshin giram 100 ake sayar da su, amma siliki nauyi gare shi, zaren kuma kauri. Ulun roba mai matsakaicin kauri da muka saba da shi, giram 100 yakan ba da mita 170 zuwa sama da 250. Zaren sari na ƙyalle kuwa mai yiwuwa bai wuce mita 45 ba. In ƙunshi biyu farashinsu ɗaya, ɗaya mita 45 ɗaya mita 180, to na farkon ya ninka na biyun tsada sau huɗu. Mai sayarwar da bai rubuta tsawon zarensa ba, ki tambaye shi kafin ciniki.

Akwai kuma halin siliki kansa, wanda kowane kashi na siliki ya gada. Ba ya miƙewa ya koma yadda yake kamar gashin tunkiya, saboda haka riga mai nauyi sai ta yi ta zazzagowa, wuyan hannu da bakin hula su saki. Ƙarfinsa yana raguwa in ya jiƙe. Rana tana cin sa a hankali har ya fara ruɓewa. Bilic kuwa narkar da shi yake yi ƙurmus, garin sabulun wanki mai ƙarfi ma yana kashe masa sheƙi.

Kaɗin hannu mai gashi-gashi

Wannan shi ne wanda yawancin mutane ke nufi in sun ce zaren sari, kuma shi ya fi kowanne kyau da kuma rigima. In kin taɓa riƙe abawa irin wadda kakanninmu ke kaɗawa, kin san kamanninsa: nan ya yi kauri, can ya sirance, ko'ina da 'yan gashi suna leƙowa. Launinsa yana canzawa cikin taki ɗaya ko biyu, babu tsari, domin abin da hannun mai kaɗi ya ɗebo daga tuli shi ya shiga.

Kada ki sa ran santsin gyalen siliki. Guntayen zaren gajeru ne, don haka dole mai kaɗi ta murɗa su da ƙarfi kafin su riƙe juna, wannan murɗar ce ke sa shi tauri da ɗan kaushi sabo-sabo. Ki jawo kamu biyu ki sassauta hannu, za ki ga ya nannaɗe kansa ya yi ƙudundune. Kina saƙa yana harɗewa tsakanin curi da yatsanki. Wani wurin ki tarar da ɗan tsinken ciyawa ko guntun zaren ƙarfe mai walƙiya a maƙale, wani wurin kuma ya sirance har ya tsinke in kin ja. Gashinsa yana zuba a cinya, in kina sanye da baƙin zane sai ki tashi da launi bakwai a jikinki. Lokacin hunturu ma, in tafin hannu ya yi kaushi, zaren kama fata yake yi, sai kin shafa mai kin bari ya shige kafin ki fara. Wani ƙunshin yana zuwa da warin ajiya, wanda iska da wanki ɗaya ke kawarwa.

Duk da haka ana iya lallashinsa. Kafin ki cure shi, ki ɗaure ƙunshin a wuri uku ko huɗu, ki jiƙa a ruwan sanyi da ɗan shamfu, ki ɗauraye, ki rataye a inuwa da ɗan abu mara nauyi sosai a ƙasansa. Zai yi laushi, murɗar ta kwanta. In kina aiki ya fara harɗewa, ki ɗaure curin da roba ki sake shi yana lilo, zai juya ya warware rarar murɗar da kansa. Inda ya sirance sosai ki yanke ki haɗa, ko kuma ki riƙa tafiya da siririn zaren auduga tare da shi tun daga farko, wanda a ganina shi ne mafi a'ala. Kwarashi mai lamba 5 zuwa 6.5, wato kaurinsa a milimita, ya fi dacewa, kuma ki saki hannu. Saƙa mai zane-zane ɓata lokaci ne, launi da gashi za su haɗiye ta, sai ki tsaya ga saƙa mafi sauƙi. Mai aiki da tsinke biyu ta sani cewa saƙar fuska ɗaya tana karkacewa gefe saboda murɗar, wadda ake yi gaba da baya iri ɗaya ita ce ke tsayawa daidai. Warwara kuwa azaba ce, domin gashin yana sarƙewa, in kin matsa ya tsinke.

Zuba ita ce babbar kasadarsa. Ruwan wankin farko yakan koma ja ko shunayya, tunda rini kala-kala ne a ciki, kuma ba duka aka kafe da kyau ba. Ɗauraya da ɗan ruwan khal tana taimakawa, amma ba ta warkar da kowane ƙunshi. Ki tuna jakar da aka rataya a kafaɗa ranar zafi, ana gumi, tana gogar farin hijabi ko farar shadda. In ba ki wanke zaren ruwan ya fita fes ba tun kafin saƙa, tabon zai fito. Sannan ƙunshi biyu ba sa taɓa zama iri ɗaya, ko daga buhu ɗaya suka fito. Maganin wannan shi ne ki sayi duk abin da aikin zai ci lokaci guda, ki riƙa sauya curi bayan kowane layi biyu don launin ya gauraya.

Ƙunshin giram 100 yakan kama tsakanin mita 50 zuwa 80. Ƙaramar jakar hannu takan ci biyu zuwa uku.

Zaren ƙyalle

Shi wannan ba kaɗi ba ne. Ana yaga zanen sari tsaye-tsaye, faɗin santimita 1 zuwa 3, a haɗa bakin wannan da wancan da keke ko da ƙulli. Gefensa ba a kalmashe ba, don haka yana da geza ta kansa. A hannu ya fi kaɗin hannu laushi nesa ba kusa ba, tunda yadi ne sosai, kuma za ki ga ragowar furannin zanen suna leƙowa.

Aiki da shi yana sauri. Da kwarashi mai lamba 9 zuwa 12, a zama ɗaya sai ki tashi da ɗan kwando ko marfin matashin kujera. Yana warwaruwa ba gardama, ko da yake kowace warwara tana ƙara tsefe gefen. Ba saƙa kaɗai ba, in kin bi shi da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi ya miƙe, sai ya yi naɗin awarwaro, igiyar abin wuya, tuntu, kitson maɗaurin labule, ko ɗaurin kayan lefe.

Rauninsa a mahaɗa yake. Ƙulli yana kwancewa, ɗinkin keke yana zamewa daga yadin da ya tsufa, don haka duk mahaɗar da kika iso ki ja ta ki gani, in ta yi sako-sako ki sake ɗinkewa da allura. Tsohon zanen da ya sha rana da wanki shekara da shekaru ma wani wurin da ɗan ja yake yagewa. Kasada ta biyu jabu ce. Birnin Surat na jihar Gujarat yana fitar da sari na foliyesta da yawan gaske, kuma in ana yagar tsofaffin zannuwa, ba wuya na roba ya shiga cikin na siliki. Ga abin ado ba laifi, amma bai kamata ki biya kuɗin siliki a kansa ba.

Akwai na shifon, wanda ya fi sirantaka da rashin nauyi, mitocinsa sun fi yawa a giram 100, kuma shi ya fi daɗi a wuya. A lissafin mita dai zaren ƙyalle shi ne mafi tsada. In abin da ya burge ki siffar ce kawai, ba lallai siliki ba, tsofaffin gyaluluwa da rarar yadin tela za su ba ki irinsa kusan kyauta, ki fara koyon hannu da su.

Kaɗin inji

A nan ana daddatsa ragowar silikin, a taje shi da inji, a kaɗa daidai wa daida, sau da yawa a tufka sili biyu. Wani zalla ne, wani an gauraya shi da auduga ko gashin tunkiya. Kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, ba ya harɗewa, ba ya tsinkewa a banza, kuma za ki iya bin tsarin saƙa da lissafin idanu kamar kowane ulu, da kwarashi mai lamba 3 zuwa 4.5 gwargwadon kaurinsa.

Abin da aka rasa shi ne wannan hargitsin launi. Tajewar tana narkar da launukan su koma kala ɗaya mai ɗigo-ɗigo, sheƙin kuma ya ragu. Wadda ta saya saboda hoton kaɗin hannu za ta ga kamar an rage mata. Amma in tufa kike so, shi ne kaɗai a cikin huɗun da zan yarda in ce a saƙa riga da shi. Mai gaurayen auduga ya dace da zafinmu, mai gashin tunkiya kuma yana riƙe siffa, ya yi hular sanyi. Yana yin 'yan ƙudaje a inda ake yawan goga, kamar hammata, tunda silin gajeru ne. Kuɗinsa a giram yakan fi, amma mitocin sukan fara daga 150 zuwa sama, saboda haka in an yi lissafi sau da yawa shi ne mai rahusa a cikin na siliki.

Na biskos da wanda ake kira silikin ayaba

Shaguna da yawa suna jera wannan kusa da na sari, da launuka iri ɗaya. Ba siliki ba ne. Akwai zaren da ake cirowa daga jikin itacen ayaba da gaske, amma da yawan abin da ke kasuwa da wannan suna biskos ne, wato zaren da ake sarrafawa daga ɓargon itace a masana'anta. Ya fi siliki walƙiya da santsi, ya fi arha, ba ya ƙaiƙayi. Nauyi gare shi, yana zamewa daga kwarashi, ƙullinsa na kwancewa, kuma in ya jiƙe yana rasa ƙarfi fiye da siliki ya kuma miƙe. Ya yi geza da tuntu da ɗan mayafin kwalliya. Laifinsa ɗaya, a sayar miki da shi da sunan siliki.

Gane su ba wuya. Ki yanki ɗan guntu, ki riƙe da hantsaki a kan faranti, ruwa na kusa, ki kai masa ashana. Siliki yana ci a hankali, ya yi ƙaurin gashi, ya mutu da kansa in kin janye wutar, ya bar baƙin gawayi mai murƙushewa tsakanin yatsu. Biskos yana ci bal-bal da ƙaurin takarda, tokarsa kaɗan mai laushi. Foliyesta narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. In na ƙyalle ne ki gwada wurare daban-daban, domin kowane yanki daga nasa zanen ya fito.

| | Kaɗin hannu | Ƙyalle | Kaɗin inji | Biskos |
|---|---|---|---|---|
| A hannu | kaushi-kaushi, gashi, kauri ba daidai ba | laushi, faɗi, geza | daidai, laushi, sheƙi kaɗan | santsi, nauyi, walƙiya |
| Mita a giram 100 | kimanin 50 zuwa 80 | kimanin 30 zuwa 50, shifon ya fi | 150 zuwa sama | ya danganta da kauri |
| Kuɗi a mita | da tsada | mafi tsada | sau da yawa da rahusa | mafi arha |
| Juriya | matsakaiciya, yana zubar da gashi | mahaɗa ce rauninsa | mafi juriya | rauni in ya jiƙe |
| Sauƙin aiki | sai mai haƙuri | sauƙi da sauri | kamar ulu | yana zamewa |
| Babbar kasada | zuba, tsinkewa | gaurayen roba | launi bai kai na hoto ba | sayarwa da sunan siliki |

To wa zai ɗauki wanne?

Kowanne kika karkata gare shi, ki fara da ƙunshi ɗaya. Ki saƙa ɗan murabba'i mai santimita 10, ki auna, ki wanke shi tare da farin ƙyalle, ki shimfiɗa a inuwa ya bushe, ki sake aunawa, ki kuma goga shi a wuyanki. Abin da hoto ya ɓoye duk zai fito a nan.

In jaka ce ko 'yar lalita, kaɗin hannu ne gwani, domin taurin da ke damun wuya shi ke tsayar da jaka. Ki saƙa a matse, ki yi mata shafi da yadi mai ƙarfi, hannun kuma ki sa na fata ko na igiyar auduga, don na siliki zai yi ta tsawo. Kayan ado na ɗaki, irin su abin rataya a bango, marfin matashi da shimfiɗar tebur, kaɗin hannu da ƙyalle duk sun yi, har ma a haɗa su, muddin ba a gaban tagar da rana ke shigowa za a ajiye ba. Dardumar ƙafa kuwa ban ba da shawara ba, takawa da wanki za su cinye ta da wuri.

Mai son mayafi ko abin wuya ta ɗauki shifon in tana son laushi. In launin kaɗin hannu ne ya tafi da ita, ta saƙa jikin da auduga ko ulu mai laushi, ta sa na sari a ratsi da baki. Ƙunshi ɗaya ma ya ishe ta a haka. Riga da hula sai kaɗin inji mai gauraye. Kayan jarirai kuma a ƙyale kaɗin hannu da ƙyalle gaba ɗaya: gashin yana shiga baki da hanci, rinin yana zuba, ga shi kayan jariri kullum cikin wanki suke.

Masaƙi mai aiki da ƙoshiya ya fi kowa cin moriyar kaɗin hannu, tunda a zaren kwance ba ya shan ja, launinsa kuma ya fi fitowa a shimfiɗe. Kada dai a kuskura a sa shi a zaren tsaye, zai yi ta tsinkewa. Tsayen ya zama auduga mai ƙarfi, wadda ba ta zuba.

Sabuwar mai koyo ta fara da ƙyalle ko kaɗin inji, ta bar mai gashi-gashi sai hannunta ya faɗa, domin ba ya nuna idon saƙa sosai balle a gane inda aka yi kuskure. Wadda kuma ke saƙa don sayarwa, ƙananan kaya su ne za su fitar mata da kuɗinta: 'yan kunne, awarwaro, tuntun makulli, 'yar jakar waya, inda mita kaɗan ke ba da kaya da yawa. Ta wanke zaren tun kafin ta fara, ta kuma gaya wa mai saye tun wurin ciniki cewa wankin hannu ne da ruwan sanyi, shi kaɗai a roba, ba matsewa, a shanya a shimfiɗe cikin inuwa.